Shekara Goma Sha Biyu a Layin Baya

Ina gaishe da 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan shaida, domin akwai abin da mace ba ta so ta tono da hannunta bayan ƙasa ta rufe shi. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma yanzu da na miƙa rajistar makarantar Lahadi ga waɗanda suka fi ni ƙuruciya, na ga bai kamata in ci gaba da yin shiru a kan yadda aka yi rajistar ta shigo hannuna tun farko ba.

An haife ni a 1968 a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, wadda take cikin jihar Katsina a yau. Mu Hausawa ne, kakanninmu kuwa Maguzawa. Kakana na wajen uba ya kamu da kuturta yana magidanci, aka kai shi asibitin kutare na Babbar Ruga, kusa da birnin Katsina, inda Turawan mishan suke ba da magani, a can ne ya ji bishara ya ba da gaskiya. Ya dawo gida da dungu a hannu biyu da kuma Littafi Mai Tsarki a cikin jaka, kuma a zaurensa aka fara sujada a ƙauyenmu kafin a gina majami'a ta ƙasa mai dakalai a jere. Mahaifina ya tashi a cikin wannan, har ya zama dattijon ikilisiya. Tsohuwar fassara ta 1932 yake karantawa, bai taɓa sabawa da sabuwar ba, shi ya sa inda muke cewa Yahaya shi Yohanna yake cewa har ya bar duniya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba; Uwata yake ce mini, ko a gida ko a gaban jama'a.

An yi mini baftisma a 1983, ina cikin mawaƙa, kuma ni ce ake turawa in karanta nassi idan matasa ne suke bi da sujada, domin ina da murya kuma ba na tuntuɓe a karatu. Na tafi kwalejin horar da malamai mata, duk ƙauyen yana sa ran zan dawo da takardar malanta. A shekarata ta ƙarshe, wato 1986, na dawo da ciki. Wanda ya yi cikin ya ce bai san zancen ba, ni kuma ba zan tsaya a kansa a nan ba, domin ba shaidarsa nake bayarwa ba.

Wanda ya tashi a ikilisiyoyinmu na arewa ya san abin da ake kira horo. Dattawa suka kira ni, na amsa laifina ban yi gardama ba, ranar Lahadi kuma aka sanar a gaban jama'a cewa an sa ni a ƙarƙashin horo: ba zan ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake karɓa don tunawa da mutuwar Almasihu, ba zan yi waƙa da mawaƙa ba, ba zan riƙe wani aiki ba, kuma wurin zamana shi ne dakalin ƙarshe kusa da ƙofa. Duk wannan na sa ransa, na kuma ga ya dace da ni. Abin da ban sa ransa ba shi ne abin da ya biyo baya. Ana gama sanarwa sai mahaifina ya miƙe, ya buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 3, ya karanta wurin da ya ce mai kula da ikilisiya ya zama wanda ya iya riƙe gidansa da kyau, ya rufe littafin, ya ce ya sauka daga dattijantaka. Ba wanda ya nemi ya yi haka. Ya bar kujerar dattawa da ke gefen bagade ya koma cikin maza ya zauna, ni kuwa daga inda nake ina kallon ƙeyarsa, na ce a raina mutumin nan ya yi shekara ashirin yana gina abu, na rushe shi a dare ɗaya. Wannan maganar da na yi wa kaina ta fi sanarwar dattawa nauyi, ta kuma fi ta daɗewa.

Na haifi ɗa namiji a farkon 1987. Al'adarmu ta kunyar ɗan fari ta zame mini mafaka, domin ba wanda zai yi mamaki idan uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ko ta bar wa kakarsa renonsa. Mutane suna ganin kunya ce irin ta 'ya'yan Hausawa, ni kaɗai na san cewa idan na dubi fuskar yaron, laifina nake gani yana numfashi. Yaron bai yi mini kome ba, wannan kuma wani zunubi ne dabam wanda ba a sa ni a horo saboda shi ba.

Ana gab da Ista ta 1988 aka karɓe ni. Fasto ya karanta 2 Korintiyawa sura ta 2, inda Bulus ya ce hukuncin da jama'a suka yi wa mai laifin ya isa, yanzu sai a gafarta masa a kuma ƙarfafa shi, don kada baƙin ciki ya yi masa yawa ya haɗiye shi. Mata biyu suka zo suka kama hannuna daga dakalin baya suka kai ni gaba, aka yi addu'a, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Da aka tashi, mahaifina ya zo ya ce, “Uwata, taso mu tafi gida.” Lahadi ta gaba kuwa, ba tare da wani ya ce mini kome ba, na shiga majami'a na zauna a dakalin baya.

A 1989 na koma Kaduna wajen gwaggona na koyi ɗinki. Na shiga wata ikilisiya inda ba wanda ya san ni, na miƙa takardar da na zo da ita daga gida a rufe ba tare da na san abin da ke ciki ba, na nemi bencin ƙarshe na zauna. A 1992 na yi aure da wani ma'aikaci a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Kafin a sa rana na zaunar da shi na gaya masa kome, ina jiran ya miƙe ya tafi, sai ya tambaye ni ajin da yaron yake a makaranta. Ko wannan bai kwance ƙullin da ke zuciyata ba. Na ɗauka mutumin kirki ne ya yi asara.

Ina so in tsaya a kan waɗannan shekaru, domin a nan ne abin yake, kuma wanda ya gan ni a lokacin ba zai ce ina da wata damuwa ba. Ban taɓa fashin sujada ba. Ina ba da zakka da baiko. Ni ce nake ɗinka wa matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, rigunansu idan taro ya matso, ina kwana a kan keke don kada wata ta rasa, amma ban taɓa yanka wa kaina ko ɗaya ba. Idan aka tambaye ni yaushe zan shiga Zumuntar Mata, sai in ce aiki ya yi mini yawa. Idan ana babban taro, ni ce a bayan madafa ina kankare tukwane har dare ya raba, ina jin wani irin daɗi idan hannuna ya yi kanta, kamar mai rage bashi. Ranar Jibin Ubangiji kuwa ina da dabaru iri-iri: ko in mintsini jaririyar da ke bayana ta yi kuka in fita da ita, ko in ce kaina yana ciwo. A cikin shekara goma sha ɗaya ban fi sau biyar na karɓi gurasa da ƙoƙon ba, kowane karo kuma sai na kwana ina tsoron hukunci. Hausawa sun ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wa'azin da aka yi a kan zina, ko da fasto bai dubi sashena ba, sai in ji kamar sunana ya kira. Idan aka rera waƙar da na saba bayarwa a gida, sai in motsa leɓe kawai, domin na yanke wa kaina cewa muryar da ta yi waƙa a gaban bagade da ciki a ɓoye ba ta da sauran izinin fita.

Duk wannan ina kiransa tawali'u. Da wani ya ce mini girmankai ne, da na yi masa kuka.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu 2000 rikici ya ɓarke a Kaduna a kan batun shari'a, aka yi asarar rayuka masu yawa, Musulmi da Kirista, aka ƙone gidaje da wuraren ibada. Waɗanda suka tsira suka gudu barikin soja da na 'yan sanda, daga baya kuma garin ya rabu, Kirista da yawa suka tsallako kudancin kogi, Musulmi da yawa suka koma arewacinsa. Harabar majami'armu ta cika da iyalan da ba su da wurin komawa. Manya suna ta neman 'yan'uwansu a asibitoci, aka bar yara fiye da arba'in suna gararamba a harabar, waɗansu sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba, ba sa barci, ba sa wasa. Malaman makarantar Lahadi biyu sun tafi garuruwansu. Ni ina wurin ne don dafa abinci kamar yadda na saba, sai wata yarinya 'yar shekara biyar ta riƙe zanena ta ƙi saki. Na zauna da ita a gindin bishiyar mangwaro, na rasa abin da zan ce mata, sai na fara ba ta labarin yadda guguwa ta taso wa almajirai a teku Yesu yana barci a jirgi. Kafin in kai inda ya tsawata wa iska, yara sun kewaye ni. Washegari suka zo da kansu. Na koya musu waƙa, sai da na kai baiti na biyu na lura cewa muryata ce take fita da ƙarfi, karo na farko tun 1986. Ban ɗauki abin a matsayin hidima ba, shi ya sa na iya yinsa. A ganina reno nake yi kafin masu aikin su dawo.

Bayan ƙura ta lafa, matar fasto ta zo shagona ta ce dattawa suna so in riƙe ajin ƙananan yara. Na ce mata, “Mama, ku nemi wata, ni ban isa ba.” Ta ce ba ta gane ba, ai ta ga abin da na yi wata uku. Sai na rufe ƙofar shagon na gaya mata labarina tun daga kwaleji har dakalin baya, ina tsammanin na kashe maganar ke nan. Ta bar ni na gama, sa'an nan ta ce baban ikilisiya, wato fasto, ya duba takardar da na kawo daga gida kafin dattawa su zauna, kuma abin da aka rubuta a ciki shi ne ni cikakkiyar 'yar ikilisiya ce, ba wani abu a kaina. Ta ce, “'Yata, waɗanda suka sa ki a horo sun rubuta da hannunsu cewa sun sake ki. To, wa yake riƙe da ke?” Ban ba ta amsa ba. Na ce ta ba ni lokaci in je gida.

Na sami mahaifina a zaure yana gyaran igiyar shanu, damina ta kusa. Tun da abin ya faru ba mu taɓa yin zancen ba, ni da shi, domin ba irin zancen da 'ya take yi da uba ba ne a wurinmu. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa abin da ake so in yi, na ce na zo ne in nemi gafararsa a kan kujerar da na sauke shi daga kanta, in kuma gaya masa ba zan karɓi aikin ba, don kada in sake jawo wa sunan Ubangiji zagi. Ya daɗe bai ce kome ba. Sa'an nan ya ce shi ya sauka ne domin ya ga akwai abin da ya kamata ya gyara a gidansa, ya gyara, aka sake zaɓensa bayan shekara uku, ya karɓa, yanzu ma tsufa ne ya sa ya huta. Na san an mayar da shi, amma ban taɓa lissafa hakan a cikin asusun da nake riƙe da shi ba, domin mai irin ciwona abin da ya ɓaci kawai yake ƙirgawa.

Ya tambaye ni ko na tuna wanda yake buga ƙarfen sujada sa'ad da nake ƙarama. Na ce kaka ne. Ya ce mutane ba sa cin abinci a ƙwarya ɗaya da kakana, waɗansu ba sa zama a tabarmar da ya tashi, amma shi ne yake ɗaure sandar ƙarfe a dungunsa da tsumma ya buga, duk ƙauye ya taru, kuma bai taɓa cewa a jira sai yatsunsa sun tsiro ba. Sai ya sa na ɗauko masa tsohon littafinsa, ya ce in buɗe Ayyukan Manzanni sura ta 10, inda aka ce wa Bitrus kada ya kira abin da Allah ya tsarkake mai ƙazanta. Na karanta. Ya dube ni ya ce, “Uwata, ke kin fi Allah tsarki ne? Shi ya ce ya wanke, ikilisiya ta ce ta karɓa, ke kuma kin ce ba ki yarda ba. Wa ya naɗa ki alƙali a kan jinin Almasihu?”

Ban taɓa jin zafin magana irin wannan ba, domin ta taɓa wurin da nake tsammani shi ne kaɗai abu mai kyau da ya rage mini. Ashe tukwanen da nake kankarewa da rigunan da nake kwana ɗinkawa ƙoƙari ne na in biya da kaina abin da aka riga aka biya, kamar wanda aka yafe wa bashin buhu ɗari ya riƙa zuwa ƙofar mai kuɗin kowace safiya da tiya guda yana cewa shi ba ya cin kyauta.

A daren na karanta ƙarshen bisharar Yahaya a fitilar ƙwai, na ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba ko da yake na sha karanta wurin. A sura ta 18, Bitrus yana jin ɗumin garwashin wuta ne a farfajiyar babban firist sa'ad da ya yi musun Ubangijinsa. A sura ta 21 kuma, da suka fito daga jirgi a bakin tekun Tibariya, garwashin wuta suka tarar Yesu ya hura, da kifi a kai da gurasa. Ya mayar da shi gaban irin wutar da ya faɗi a gabanta, ya fara ba shi abinci, sa'an nan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, daidai da musun da ya yi sau uku. Bai tambaye shi ko ya gama jin kunya ba, bai kuma ce ya je ya yi shekara kaza a baya tukuna ba. Kowace amsa da Bitrus ya bayar, aiki aka ɗora masa a kanta, kuma aikin farko da aka ambata shi ne kiwon 'yan tumaki, wato ƙanana. Idan tambayar ita ce ko na isa, amsata a'a ce har gobe. Amma wannan tambayar da aka yi wa Bitrus, na ga ina da amsarta.

Na karɓi ajin a watan Yuni na 2000. Ba zan ce daga ranar abin ya tafi ba. Labarina ya fita, kamar yadda labari yake fita, wata uwa ta cire 'yarta daga ajina ta mayar da ita wani, ta kuma faɗi dalilinta a inda zan ji. Na yi mako biyu ina rubuta takardar ajiye aiki ina yagawa. Abin da ya tsayar da ni shi ne na lura cewa maganar matar ba ta kai ko rabin wadda nake gaya wa kaina ba, kuma idan na tafi, sauran yara talatin ne za su biya kuɗin kunyata. A ƙarshen shekarar na je gida na ɗauko ɗana, yana da shekara goma sha uku, na nemi gafararsa, na tsayar da shi a gaban ikilisiya ranar godiya na ce ga ɗana na fari. Har yau ba na kiran sunansa, amma yanzu kunyar al'ada ce kawai, shi ma ya san bambancin.

Game da horo, ban taɓa cewa a daina ba, domin ikilisiyar da ba ta tsawata wa 'ya'yanta ba ta ƙaunarsu. Abu biyu ne kawai nake faɗa wa dattawa duk lokacin da aka ba ni dama. Na fari, ciki a jikin mace yake fitowa, shi ya sa sau da yawa ita kaɗai ake gani a layin baya, alhali ba ita kaɗai ta yi ba. Na biyu, mun iya sa mutum a horo, muna da tsari da sanarwa da wurin zama, amma fitar da shi mun mayar da shi aikin Lahadi ɗaya, a yi addu'a a yi guɗa a watse. Wanda aka karɓa yana bukatar wani ya bi shi a makon da ya biyo baya, ya ga inda ya zauna, ya miƙa masa wani ɗan aiki ko da share bagade ne. Shekara ashirin da biyu na yi ina koyarwa, kuma a cikinsu na zauna da 'yan mata da dama a bencin ƙarshe, waɗansu sun taso, waɗansu sun bar zuwa gaba ɗaya, ban kuwa daina neman labarinsu ba.

Mahaifina ya rasu a 2010. A sujadar jana'izarsa aka ce ni zan karanta nassi, na hau gaba da zanen Zumunta wanda na ɗinka da hannuna, na buɗe tsohon littafinsa, na ce za mu karanta daga Yohanna. An riga an rushe majami'ar ƙasa an gina ta bulo a wurin, an kuma ƙara mata tsawo ta wajen ƙofa. Kafin in fara karatu na ɗaga ido ina neman inda dakalin nan yake a dā, na auna da tagar gabas da bishiyar darbejiya da ke waje, sai na ga wurin ya koma tsakiyar jama'a, wata matashiya tana zaune a kai a kujerar roba tana ba jaririnta nono.